Mahaifina Yana Son In Baro Jami'ar Birni In Dawo Kusa Da Gida

Assalamu alaikum Malam. Ina yi maka fatan alheri, kuma ina roƙon ka sakaya sunana da na garinmu da na makarantarmu. Ni saurayi ne mai shekara 21 daga wani ƙaramin gari a arewacin Jihar Jigawa, ina aji biyu a ɗaya daga cikin manyan jami'o'in gwamnati da ke Kano, ina karanta fannin Akanta. Mahaifina manomi ne, yana kuma taɓa fataucin riɗi da zoɓo. Ranar da sunana ya fito, kusan duk unguwarmu sai da aka shigo yi wa mahaifiyata barka, amma yanzu, bayan zango uku, ni kaina ban san abin da nake yi a nan ba. Ban samu ɗaki a cikin makaranta ba, mu huɗu muka kama ɗaki ɗaya a wata unguwa, kuɗin mota da na abinci kuma suna cinye abin da aka turo mini kafin wata ya raba. A aji muna da yawa ƙwarai, idan ban yi sammako ba sai dai in tsaya a bakin taga, kuma ba na jin akwai malami ɗaya da ya san sunana. Na faɗi kwas ɗaya, makina ya sauko zuwa 2.9 cikin 5, har yau kuwa ban gaya wa kowa a gida ba. Abokan karatuna 'yan birni suna zuba Turanci, suna da kwamfuta, sun san manyan mutane, ni kuwa daga aji sai ɗaki.

A hutun da ya wuce mahaifina ya zaunar da ni ya ce ya gaji, in nemi canji zuwa jami'ar da ke kusa da gida, inda zan riƙa zuwa ƙarshen mako ina taimakawa a gona, ko kuma in ajiye karatun in shiga shagon kawuna. Hujjarsa ita ce yayana ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, yau shekara uku yana zaune a gida, saboda haka bai ga abin da sunan babbar makaranta zai ƙara mini ba. Mahaifiyata ba ta ce komai a gabansa ba, amma na san akuyarta ta sayar ta cika mini kuɗin rajista. Malam, shin da gaske karatu a babbar jami'ar birni yana da wani amfani wajen samun aiki, ko kuwa wahalar da iyayena kawai nake yi? Ba na son in saɓa wa mahaifina, ba na kuma son in koma gida a ce birni ya koro ni.

Ɗanka, daga Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma a cikin duk abin da ka faɗa, maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce inda ka ce kai daga aji sai ɗaki. Zan dawo kanta, domin a ganina can ciwon yake. Amma tun farko ka kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai kake cikin wannan hali ba. A cikin ɗaruruwan nan da suke cika zauren lakca, waɗanda kake zaton kowannensu ya san inda ya dosa, akwai da yawa da suka taso daga ƙauyukan Katsina da Yobe da Bauchi da irin jakar da ka zo da ita, suna kallonka suna zaton kai ne ɗan gari. Ni ma da akwatin ƙarfe na shigo birni karatu, da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin yaji a ciki, kuma na shafe zango guda cur ina wucewa ta ƙofar ofishin wani malami da nake buƙatar taimakonsa, in ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa sai in fasa, har jarrabawa ta zo ta kayar da ni a kwas ɗinsa. Da na daure na shiga daga baya, abin da ya fara tambayata shi ne me ya hana ni zuwa tun da wuri.

Mu fara da mahaifinka, domin shi ya fi cancanta a saurara. Kada ka ɗauki maganarsa a matsayin ƙin boko, ai wanda bai san darajar ilimi ba ba zai kai 'ya'ya biyu jami'a da kuɗin riɗi ba. Shi manomi ne, lissafinsa kuma na manomi ne: ya zuba iri da taki a gona ɗaya, ya jira shekara huɗu da ta bautar ƙasa ta biyar, bai ga abin da ya shigo rumbu ba, ga shi ana neman ya ci gaba da zubawa a gona ta biyu wadda ta fi ta farko tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci da na haya suka yi tashin gwauron zabi, jami'o'i da dama kuma suka ƙara kuɗin rajista, mutumin da kuɗinsa ke shigowa sau ɗaya a shekara, bayan kaka, shi ya fi kowa ji a jikinsa. Akwai kuma wani tsoro da wataƙila bai furta maka ba, wanda kusan duk uban da ɗansa ke birni yake kwana da shi, wato na ƙwacen waya da shaye-shaye da cacar intanet da miyagun abokai. Idan ya ce ka dawo kusa, rabin maganar ta aljihu ce, rabin kuwa so yake idonsa ya riƙa ganinka.

Game da ainihin tambayarka, ba zan yi maka daɗin baki ba. Sunan jami'a shi kaɗai ba ya ba mutum aiki a Najeriyar yau, kuma a nan mahaifinka ya faɗi gaskiya. Duk digirin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗinsa daidai yake da ɗan'uwansa, ko daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya fito, wadda aka buɗe tun 1962, ko daga Jami'ar Bayero da ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ko daga jami'o'in tarayya da aka kafa a 2011 a garuruwa irin su Dutse da Dutsin-Ma da Kashere. Sansanin bautar ƙasa ɗaya ɗalibansu ke shiga, kaki ɗaya suke sawa, alawus ɗaya suke karɓa, kuma idan aikin gwamnati ya samu, a matakin albashi na 8 ake fara ɗora su gaba ɗaya. Ko yajin aikin malamai ba ya bambancewa, domin wanda aka yi daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022, wata takwas cif, manya da ƙananan jami'o'in tarayya duk ya garƙame.

Abin da babbar jami'ar birni ta fi ƙarama da shi ba a rubuta shi a jikin takardar shaida, shi ya sa wanda bai neme shi ba yakan gama ya tafi bai san an ajiye masa shi ba. Na farko mutane ne. Tsohon sashe a babbar jami'a yana da malamai da suka koyar da waɗanda a yau suke riƙe da ofisoshi a bankuna da hukumomin haraji da ma'aikatu da kamfanonin binciken kuɗi, kuma kalma ɗaya ko takardar shaidar hali daga irin wannan malami tana buɗe ƙofar da takardar neman aiki goma ba za ta buɗe ba. Wannan cunkoson da kake kuka da shi ma, wanda ke tsayar da kai a bakin taga, dukiya ce a wata fuskar, domin a cikinsa akwai ɗan ɗan kasuwar Kwari da 'yar ma'aikacin banki da Bayarabe da Ibo da Banufe da Igala, kuma nan da shekara goma su ne za su bugo maka waya su ce ana neman mutum a wuri kaza tun kafin a tallata. Na biyu kuwa shi ne garin kansa. Kai da kake karanta lissafin kuɗi a Kano, kana zaune ne a tsakiyar wurin da ake yin abin da ake karanta muku: ga Kantin Kwari ta yadi da atamfa, ga Singa ta kayan masarufi, ga Sabon Gari, ga Dawanau ta hatsi a kan hanyar Katsina, ga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, ga rassan kusan kowane banki da ke ƙasar nan. To ka ga abin da nake nufi da na ce can ciwon yake. Kana biyan kuɗin birni cif-cif, da hayarsa da motarsa da tsadar abincinsa, amma ba ka cin moriyarsa ko kaɗan, kuma muddin haka za a ci gaba, lissafin mahaifinka ya fi naka ƙarfi.

Ina so ka tsaya a kan Dawanau, domin a can na hango maka wani abu da kai ba ka gani ba saboda ka saba da shi. Riɗi da zoɓon da mahaifinka da takwarorinsa suke tarawa a kasuwannin ƙauye, da yawansa can yake sauka, a tsaftace shi, a auna, a loda a tirela zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas don fitarwa waje. Ka shiga shagon wani matsakaicin dila ka kalli yadda ake riƙe lissafi. Za ka ga littafin 'yan makaranta da gefensa ya naɗe, kowane shafi da sunan mai bashi, za ka ga rasitai a soke a jikin ƙusa, za ka ga Alhaji yana riƙe da miliyoyi a ka yana duba saƙon banki a waya, kuɗin kaya da kuɗin cefanen gida duk a asusu ɗaya. Ba jahilci ba ne, mutanen nan sun fi ni da kai sanin kasuwa, sai dai ranar da za a nemi rancen banki, ko jami'in haraji ya zo, ko shekara ta zagayo a zauna lissafin zakka, ko a yi rasuwa a zo rabon gado, a ranar ake neman wanda ya iya jera lambobi a takarda. Abokin karatunka mai zuba Turanci bai san yadda ake gane riɗin da aka gauraya da yashi ba, bai san buhu yana raguwa idan kaya ya bushe ba, bai san la'adar dillali da kuɗin ɗan dako da na awo ba. Kai a ciki ka tashi. Idan ka haɗa wannan da abin da ake koya muku a aji, kana riƙe da abin da ba kowa ke da shi a ajinku ba, kuma ƙauyancin da kake jin kunyarsa shi ne jarinka.

Saboda haka ka tambayi mahaifinka da kawunka sunan wani dila da suke hulɗa da shi a Kano, ka je da kanka da gaisuwarsu, tunda zuwa da kai ya fi aike, ka roƙi ya bar ka ka riƙa zuwa ranar Asabar kana rubuta masa shiga da fitar kaya. Kada ka fara da maganar kuɗi, ka fara da riƙon amana da zuwa a kan lokaci, kuɗin mota zai biyo baya da kansa. A lokaci guda ka koyi manhajar Excel sosai, ba a sama-sama ba, domin yau ita ce alƙalamin akanta. Rashin kwamfuta ba zai hana ka ba, akwai ɗakin kwamfuta a ɗakin karatu na makaranta, akwai kuma abokin da zai ara maka tasa da daddare idan kai ma kana yi masa bitar wani darasi. Idan dogon hutu ya zo, ka rubuta takarda ka zagaya ƙananan ofisoshin binciken kuɗi da na haraji da ke cikin gari, ka nemi su ɗauke ka sanin makamar aiki ko da ba biya. Biyar za su ce babu wuri, wataƙila na shida ya ce ka zo ranar Litinin. Ka kuma fara tambayar malamanku game da jarrabawar ƙwararru ta ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, wadda ke da ƙaramin mataki mai suna ATSWA da ɗalibi zai iya farawa tun kafin ya gama digiri, da kuma hanyar ANAN, ƙungiyar akantoci ta ƙasa, mai kwaleji a Kwall kusa da Jos. A fannin da ka zaɓa, wannan shaidar ƙwarewa takan fi sunan jami'a nauyi a idon mai ɗaukar aiki. Ban ce ka yi rajista yanzu da aljihu ya yi ƙasa ba, na ce ka san hanyar tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai kada kasuwa ta cinye karatun, domin makinka ne abu mafi gaggawa. A tsarin maki 5 da galibin jami'o'inmu ke bi, digiri mai daraja ta biyu babba yana farawa daga 3.50, ta biyu ƙarama kuma daga 2.40, kuma bankuna da manyan kamfanoni sukan sa sharaɗin ta biyu babba tare da iyakar shekaru idan suna ɗaukar sababbin ma'aikata. Mu yi lissafi tunda kai akanta ne. Ka yi zango uku a kan 2.9, saura biyar. Idan nauyin zangunan ya zo kusan ɗaya, kana buƙatar kimanin 3.9 a kowane zango da ya rage kafin ka kai 3.50, wato galibin kwasa-kwasanka su zama B, idan C ta faɗo a samu A ta rufe ta. Abu ne mai wuya, amma mai yiwuwa ne, sai dai idan ka sake sakaci da zango ɗaya ko biyu, ƙofar za ta rufe. Ka je wurin malamin da ke kula da ajinku, ka gaya masa sunanka da lambarka, ka nuna masa sakamakonka, ka tabbatar an yi maka rajistar kwas ɗin da ka faɗi daidai a zangon da ya dace, domin ɗalibai da yawa ba rashin ƙoƙari ke ƙara musu shekara ba, kuskuren rajista ne. Ka samu mutum huɗu ko biyar masu himma ku riƙa bita tare da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ku riƙa kama wa juna wuri a gaba, wanda ya riga zuwa ya ajiye littafi a kan kujerun sauran. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ƙungiyoyin ɗaliban jihohi da ta sashenku sukan shirya darussan bita kyauta, ka shiga, a nan ma ake samun abokan kirki. Turancin kuwa baki ne ke koyonsa. Ka riƙi aboki ɗaya wanda ba ya jin Hausa, ka riƙa karanta shafin kasuwanci na jarida da ƙarfi a ɗaki, a yi maka dariya sau biyu, na uku a daina.

Ta fuskar kuɗi, aikin farko shi ne ka rubuta duk kwabon da ya fita daga aljihunka na tsawon wata guda, har da na data da na mai shayi. Ina kyautata zaton za ka tarar akwai ɓaraka, kuma idan kana cikin masu kwana suna danna waya da sunan mainin ɗin kuɗin intanet ko caca, to can za ka fara tsayar da ita. Ku huɗun nan ku haɗa tukunya ɗaya, kowa ya kawo abin da gidansu ke nomawa, kai gero da wake, wani manja, wani shinkafa. Ka sa ido a kan ranar buɗe neman ɗakin kwana na makaranta, ka nema a ranar farko, domin ko gado ɗaya ka samu ya kashe maka kuɗin adaidaita sahu na kullum. Ka nemi tallafin karatu na jiharku ko da ba ya zuwa a kan kari. Akwai kuma lamunin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara karɓar masu nema a 2024, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu ruwa a kansa, kuma biya yana farawa ne shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne dai, ba kyauta ba, don haka kada ka karɓa sai ka shawarci mahaifinka, amma shi kaɗai yana iya sauke masa mafi nauyin kayan, ya kuma hana a sake kai wata akuyar kasuwa.

Yanzu sai abin da na san kana gudu. Dole ne ka gaya wa mahaifinka ka faɗi kwas. Ba zai yiwu ka roƙi mutum ya ci gaba da zuba gumin gonarsa a kanka kana ɓoye masa halin da gonar take ciki ba, kuma idan ya ji daga bakin wani, ba makin zai ɓata masa rai ba, ɓoyewar ce. Kada ka yi ta waya. Ka je gida, ka fara keɓewa da mahaifiyarka ka gaya mata komai, ka yi mata godiyar akuyar nan a fili, domin ta yi shiru ne don girmama mijinta, amma da ta sayar da dabbarta ta riga ta faɗi ra'ayinta, kuma ta fi kowa sanin lokacin da ya dace a tunkari maigida. Sannan ka samu Baba shi kaɗai bayan sallar isha, ba a gaban yayanka ko ƙannenka ba, ka durƙusa ka fara da amincewa cewa maganarsa gaskiya ce, ka faɗi laifinka, sannan ka ajiye masa takarda: ga abin da nake kashewa, ga inda zan rage, ga abin da zan yi ranar Asabar, ga makin da nake nema. Ka roƙi ya ba ka shekarar karatu ɗaya tak, zango biyu, a kan sharaɗin makinka ya kai wajen 3.3, abin da ake turo maka ya ragu, kuma duk hutun da ya faɗo a kan aikin gona kana gida da fartanya. Idan ka cika, ka ci gaba, idan ka gaza, ka bi abin da ya ce ba musu. Manomi ya san gwajin iri na damina ɗaya, kuma ina zaton zai karɓa. Idan kana jin bakinka ba zai iya ba, ka tafi da baffanka ko wani dattijo da yake jin nauyinsa.

Ka yi hattara da yadda kake ambaton yayanka a cikin wannan magana. Kada ka kuskura ka ce shi ai ƙaramar makaranta ya yi, ko ka nuna kai ba za ka zama kamarsa ba. Mutumin da ya gama digiri ya shekara uku a gida yana ɗauke da abin da ya ishe shi, kuma kullum ana buga misali da shi a tsakar gida. Ka je ka nemi shawararsa a matsayin babba, ka tambaye shi da zai koma aji biyu me zai canza. Amsarsa za ta amfane ka fiye da tawa, tambayar kuma za ta dawo masa da wani abu na girmansa. Wa ya sani ma, idan ka samu shiga a Dawanau, ko shi ne zai riƙa tara kaya a gida kai kana karɓa a Kano.

Idan duk da haka kuɗi ya ƙi, ko Baba ya tsaya a kan bakansa, canjin makaranta ba abin kunya ba ne, kuma ƙaramar jami'a tana da nata alherin na gaske: aji ba cunkoso, malami ya san fuskarka, haya da sauƙi, abinci daga gida. Sai dai ka san ba a canji da baki. Sai makarantun biyu sun amince, sai akwai gurbi a sashen da kake nema, sukan duba maki, kuma ana iya mayar da kai baya da aji guda, wato ƙarin shekara da ƙarin kuɗi, wanda shi ma ya kamata ya shiga takardar da za ka nuna wa Baba. Ka je ofishin magatakarda na makarantun biyu ka ji sharuɗɗa da kunnenka, kuma kada ka saki kujerar da kake kai sai takardar karɓa ta shigo hannunka. Idan matsin na shekara ɗaya ne kawai, kamar a ce damina ba ta yi kyau ba, akwai hanyar dakatar da karatu a hukumance ta hannun shugaban sashe, ka yi shekara a shagon kawu ka tara abin da ya samu ka dawo kan gurbinka. Abin da ba na so shi ne ka ɓace daga makaranta ba takarda, domin haka ake rasa gurbi gaba ɗaya. Shagon kawun kansa kada ka raina shi, a hutu ka zauna ka tsara masa littafinsa, shi ne wurin aikinka na farko da za ka rubuta a takardar neman aiki. Amma ajiye digiri baki ɗaya bayan an ci kusan rabin tafiya, da shekara 21, wannan ban ba ka shawararsa ba.

Maganar a ce birni ya koro ka kuwa, ka cire ta daga cikin ma'auni. Waɗanda suka zo barka ba su ne ke biyan haya ba, kuma ko ka zauna ko ka koma, bakinsu zai samu abin faɗa na kwana biyu ya wuce. Ka yi istihara, ka yanke hukunci a kan abin da ke cikin takardar lissafin. Idan kuma ka ga damuwar ta fara hana ka barci ko cin abinci, ko kana kwana a ɗaki ba ka son ganin kowa, kada ka riƙe ta kai kaɗai, ka je asibitin makaranta ko ofishin ba ɗalibai shawara, ka kuma gaya wa ɗaya daga cikin abokan ɗakinka.

A wannan makon, kafin ka hau motar gida, ka ƙwanƙwasa ƙofar malamin ajinku, ka kuma sayi littafi ka fara rubuta abin da kake kashewa. Ka sake rubuto mini idan sakamakon zango mai zuwa ya fito, ina son in ji makin, in kuma ji yadda ta kaya tsakaninka da Alhajin Dawanau. Ka gaishe mini da Baba da Inna da yayanka, Allah Ya yi maka jagora.